Yadda Za Ka Sa Allurar Kwamfuta Ta Yi Maka Aiki

Kai da aka ajiye wa tebur da kwamfuta a ofis, alhali kai kanka ka san tun da ka zo ba ka tsinana abin kirki ba, matso kusa. Ka ji ƙishin-ƙishin za a rage ma'aikata, ko? Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan yadda aka jera su, ba ƙari ba ragi, na yi maka alkawari ko mutum ɗaya tal za a bari a kamfanin, kai ne za a miƙa wa makulli. Ba sai ka koyi aiki ba, ba sai ka riƙa sammako ba. Fuskar kwamfutarka kawai za mu gyara.

Kada ka ce cika baki nake. Akwai shaida, yana nan da ransa, yana karɓar albashi. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa ɗaure ko noti ɗaya ba. Sunan ya bi shi ne tun ranar da firinta ta ƙi aiki, ya kashe ta ya kunna, ta tashi. A kamfanin sayar da kayan gini yake, cikin wani ɗan ɗaki tsakanin sito da ofishin Manaja. Tebur biyu ne a ɗakin. Ɗaya nasa, ɗaya na yayan mahaifiyarsa, dattijon da kowa a kamfanin ke kira Kawu, har shi Manajan. Kawu ne ke buga takardun fitar da kaya, waɗanda in babu su mota ba ta barin sito. Shi ne kuma ya riƙo hannun Injiniya ya kawo shi, bayan ƙanwarsa ta ishe shi da kukan cewa zaman kashe wando zai ƙarasa mata yaro. "Ya san kwamfuta," haka Kawu ya gaya wa Manaja a ranar. "Ni na tsaya masa."

To, wata safiya sai Manaja ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, yana kallon silin, ya ce ciniki ya ja baya, tebur biyu sun yi wa ɗakin nan yawa. Kafin ƙarshen wata zai duba ya ga wanda aikinsa ya fi, ɗayan kuma sai haƙuri. Kawu ya ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri," ya ci gaba da bugu. Injiniya kuwa hankalinsa ya tashi. Matarsa tana da tsohon ciki, surukansa kuma a shugaban sashen kwamfuta suka san shi. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, ya yi abin da mai tsoro irinsa ya iya: ya juya ga allonsa.

Ga yadda ya yi, ga kuma yadda za ka yi.

Mataki na 1: Tuɓe wa allon rigar da ya zo da ita

Kunna kwamfutarka ka dubi hoton da ke shimfiɗe a bayan komai. Koren tudu ne da sararin sama? Cire shi yanzun nan. Hoton nan yana shaida wa duk mai wucewa cewa yadda aka ba ka na'urar haka ka bar ta, kamar baƙon da ke jin nauyin taɓa labule. Kada ka maye shi da hoton jaririnka. Shugaba ba ya son a tuna masa cewa ma'aikaci yana da wurin da ya fi so. Kada ka sa mota, za a ce kana da dogon buri, kuma mai dogon buri a kamfanin kayan gini ana bin bayansa ana duba buhunan siminti. Bakin teku kuwa, takardar neman hutu ce ka rubuta ba ka sani ba.

Baƙi za ka sa. Baƙi wuluk, da 'yan lambobi kore suna zubowa daga sama, ko taswirar duniya da jajayen layuka suna tsallaka teku. Mutane suna girmama abin da ba su gane ba, musamman in ya zo da duhu.

Injiniya ya kashe safiya guda cur yana zaɓe. Ya sa wannan, ya ja kujera baya, ya karkata kai, ya cire ya sa wancan. A gefensa Kawu na ta ƙwas-ƙwas da yatsu biyu, tabarau a kan karan hanci, direbobi na miƙo takardu ta taga.

"Ɗana, lafiya allonka ya yi duhu haka? Ko ya ƙone ne?"

"A'a Kawu, saiti nake."

"To, Allah ya taimaka. In ka gama saitin ka miƙo mini abin huda takarda."

Mataki na 2: Raɗa wa kowace folda suna mai nauyi

GAGGAWA. SIRRI. BINCIKE NA UKU. Kada ka kuskura ka yi na ɗaya da na biyu, bari a ɗauka waɗancan ka gama su. Abin da za ka zuba a ciki kai ya shafa, ba mai buɗewa. Injiniya har gobe a cikin GAGGAWA yake ajiye bidiyon ƙwallo.

Mataki na 3: Zuba masa kayan ado

Masu harkar suna kiran su wijet. Kai ka ɗauke su 'yan kunne da warwaron allo: ƙananan abubuwa da ake mannawa a gefe, suna motsi, suna walƙiya, ba sa hana komai, ba sa kuma taimaka wa komai.

Fara da agogo, amma ba ɗaya ba. Agogo ɗaya na mai jiran lokacin tashi ne. Jera agogunan manyan biranen da ba ka da ko maƙwabcin aboki a cikinsu. In wani ya tambaye ka me ya haɗa ka da ƙarfe nawa ne a wata ƙasa, ka ɗan yi murmushin tausayi ka ce, "Kasuwar ƙarfe ai daga can take buɗewa." Ba zai ƙara tambaya ba. Sannan ka sa wijet na yanayi, shi ma na can nesa, inda ake zuba ƙanƙara. Ka ƙara da ɗan zanen nan mai hawa da sauka kamar na gefen gadon asibiti. Ba dole ba ne ka san abin da yake aunawa, shi ma bai san ka ba.

Da Injiniya ya gama nasa, wani direba ya leƙo ta taga ya buɗe baki. "Kai! Injiniya, jirgi za ka tayar ne?" Injiniya bai ko ɗago ba. Kai ma kada ka ɗago, ɗaga kai yana rage daraja.

Mataki na 4: Sa allura, ka ba ta suna da Hausa

Nan ne wajen, don haka ajiye wayarka ka saurara.

A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan injin da ke jan komai, kuma akwai wijet da ke nuna yawan wahalar da injin nan yake sha, da allura irin ta gudun mota, daga sifili zuwa ɗari. Akwai wani mai nuna yadda wurin ajiyarta na ɗan lokaci ya cika, da wani mai nuna ɗumin jikinta. Ka riƙe wannan a ranka, kada ka faɗa wa kowa: allurar nan wahalar na'ura take aunawa. Ba ta san ko mutum ne a kan kujerar ko buhun siminti aka ɗora ba.

Duk ukun suna zuwa da wasu guntayen haruffan Turanci a ƙarƙashinsu, waɗanda ba mai karantawa. Goge su. Injiniya ya goge nasa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: AIKI a ƙarƙashin ta farko, ƘWAƘWALWA a ƙarƙashin ta biyu, ZAFI a ƙarƙashin ta uku.

Tsakani da Allah, a lokacin bai ƙulla komai a ransa ba, burgewa kawai ya so yi. Kuma ina ƙaryar take? Ba mukan ce inji yana aiki ba? Mukan ce. Ba mukan ce mutum yana aiki ba? Mukan ce. Kalma ɗaya ce, kuma ba kai ka ƙirƙiro harshen ba. In wani ya karanta ya fahimci abin da ransa ke so, wannan tsakaninsa da makarantar da ya yi ne.

Mataki na 5: Ciyar da allurar

Allurar da ke kwance a kashi biyar abokiyar gaba ce. Dole ka sama mata abin da za ta ci.

Koma kan hoton nan baƙi ka mai da shi mai motsi. Lambobin su riƙa zuba ba tsayawa, taswirar ta riƙa juyawa, ka sa ruwan sama yana sauka a kan gilashi ta ciki. A bayan fage ka buɗe shafukan intanet har sai sunayensu sun matse ba a iya karantawa, ka kunna bidiyo uku ka kashe musu sauti. Za ka ji fankar cikin kwamfutar ta fara kuka kamar injin niƙa. Madalla, kukan nan shi ne gumin da ba za ka yi ba.

Ta Injiniya ta tashi ta kafe a casa'in da 'yan kai. ƘWAƘWALWA ta cika taf. ZAFI ya koma ja.

Saura abu biyu. Juya teburinka yadda allon zai fuskanci ƙofa, ka ce hasken taga ne ke damun idonka. Sannan gyara fuskarka ta dace da allon: haɗe gira, dafe haɓa, lokaci-lokaci ka ja ɗan tsaki, ka ce "Haba dai" a hankali kamar lambobin sun ba ka kunya. Kada ka yi hamma. In ta zo, ka mai da ita ajiyar zuciya.

Mataki na 6: In shugaba ya tambaya, kada ka yi ƙarya

Mutanen banza ne ke ƙarya. Kai amsa abin da aka tambaye ka kawai, ka bar shi ya ƙarasa da kansa.

Manaja ya shigo ana gab da tashi, makullai na kaɗawa a hannunsa, zai karɓi wata takarda a wajen Kawu. Kukan fanka ne ya fara juyo da shi. Ya tsaya a bayan Injiniya, ya sunkuyo, ya karanta da ƙarfi.

"Aiki, casa'in da uku. Ƙwaƙwalwa, tamanin da tara." Ya miƙe tsaye. "Wannan fa mene ne?"

"Ma'aunin aiki ne, ranka ya daɗe."

"Wato duk aikin da ake yi a teburin nan yana nunawa?"

Injiniya ya auna maganar. A teburin nan. To, ai kwamfutar a kan teburin take. "Yana nunawa, ranka ya daɗe."

"Zafin nan kuma?"

"In aiki ya yi yawa, sai ya hau."

"Ikon Allah!" Manaja ya dafa kafaɗarsa. "Ka riƙa shan ruwa fa."

Kada ka ɗauka Manaja sakarai ne. Mutum ne da kwanan nan ya je taron ƙara wa juna sani, aka gaya musu shugaban zamani da alƙaluma yake yanke hukunci, ba da kallon fuska ba. Ban da haka, tun ranar da ya yi maganar rage tebur yake neman hanyar da zai sallami mutum ba tare da an ce shi ya zaɓa ba. Ga dattijon da ya tarar a kamfanin, ga ɗan ƙanwar dattijon. Duk wanda ya taɓa, za a yi da shi. Yanzu ga allura ta faɗo masa, ba ta da dangi, ba ta zuwa gaisuwa gidan kowa. Fuskarsa ta washe.

"Sa wa Kawu ma," ya ce. "A yi adalci."

Injiniya ya dubi Kawu. Ya buɗe baki zai ce ranka ya daɗe ba haka abin yake ba. Sai ya tuna matarsa, da yadda take dafa bango in za ta tashi. Ya rufe bakin. Kai ma in ka zo nan, ka samo wanda za ka tuna. Kowa yana da shi, kuma yana aiki sosai.

Mataki na 7: Sa wa maƙwabcinka, da hannunka, da ladabi

Kawu ya tashi ya ba Injiniya kujera, yana ta godiya. Kwamfutar Kawu ba ta da ado ko ɗaya, shafin buga takarda ne kawai a buɗe, kuma buga takarda ba ya ko tayar da injin daga barci. Injiniya ya san haka tun kafin ya danna. Allurar ta fito, ta ɗan yi rawa, ta kwanta a huɗu.

"Huɗu?" Kawu ya gyara tabarau. "Cikin goma?"

"Cikin ɗari, Kawu."

"To, ai ban fara ba tukuna. Tashi ka gani."

Ya zauna ya ja hannun riga, ya hau bugu. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, takardar rodi, takardar tayil, takardar fenti, firinta na ta amayo su, direbobi na karɓa suna tafiya. Ya ɗago ya duba. Shida.

Daga ranar Kawu ya canza. Shi da yakan tsaya ya tambayi kowane direba lafiyar iyali, ya koma miƙa takarda ba ko kallo. Ya riga mai shara zuwa. Ya daina fita cin abincin rana, sai ya ci a kan tebur da hannu ɗaya, ɗayan yana kan kibod. Ya koma dukan maɓallan da ƙarfi, wai ko ba ta ji ne. Sau ɗaya, da firinta ta tashi, allurar ta yi tsalle zuwa sha biyar, ya yi wuf zai kira Manaja. Kafin ya kai ƙofa ta koma. Manaja kuwa kullum sai ya leƙo, ya ɗauki hoton allon nan da na can da wayarsa, ya fita.

Wata rana da ɗakin ya rage su biyu, Kawu ya jawo kujerarsa kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, in tambaye ka mana. Ya kake yi taka take tashi haka? Ni fa ko fitsari ina matsewa."

Ga amsar da za ka bayar, ka haddace ta: "A hankali ne, Kawu." Ba ƙarya a ciki, ba kuma gaskiya. Injiniya ya faɗe ta yana kallon maus.

Kawu ya jinjina kai. Ya nuna ta tsakiyar da yatsa. "Ita wannan ƙwaƙwalwar ma ka ga ashirin take nunawa. Tsufa ne. Dama kwanan nan nakan shiga ɗaki in manta abin da ya kawo ni." Ya yi 'yar dariya, ya koma teburinsa.

A nan za ka ji wani abu yana cizon ka a ƙirji. Injiniya ma ya ji, kunya ce da tausayi, har abinci ya daina yi masa daɗi. Kada ka tsorata, ba ya kisa. Kuma kada shaiɗan ya raya maka ka lallaɓa ka sa wa dattijon hoto mai motsi don tasa ta tashi. Injiniya ya yi wannan tunanin har ya miƙa hannu. Sai ya lissafa: in duka biyun suka kai casa'in, Manaja zai koma duba wanda ke fitar da takardu. Ya janye hannunsa ya sosa ƙeya.

Mataki na 8: Ranar hukunci, kada a same ka a ɗakin

Ka ce za ka duba wayar intanet a sito. Ka daɗe.

Da Injiniya ya dawo, Kawu ya riga ya zuba kofinsa da gidan tabarau da 'yar matashin da yake jingina bayansa a cikin leda. Bai yi faɗa ba, bai roƙi kowa ba. Manaja ya nuna masa hotunan, ya gani da idonsa.

"Na'ura ba ta son kai," in ji Kawu. Ya kama hannun Injiniya da hannu biyu. "Ashe da na ce musu ka san kwamfuta ban ma faɗi rabi ba. Ka fitar da ni kunya, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Ka riƙe aikin nan da kyau."

Ka ce amin. Injiniya ya ce, kuma ta fito, ko da yake da ƙyar.

Mataki na 9: Abin da za ka yi da aikin da aka bar maka

Washegari direbobi za su yi layi a tagarka. Za ka nemi buɗe shafin buga takarda, kwamfutar da ka ɗora wa ruwan sama da taswira da bidiyo uku ta ce ba ta san zancen ba. Maus zai daskare. Kada ka kashe ado ko ɗaya! Su ne rufin asirinka.

Hayaniya ta fito da Manaja. Ya tarar da mota shida cike da kaya ba takarda, wani direba na buga taga da makulli yana cewa a dawo musu da tsohonsu. Manaja ya shigo a fusace, ya dubi allon. AIKI ta buga ɗari cif, ZAFI ja wur, Injiniya na zufa ta gaske a karon farko. Sai Manaja ya juya kan direbobin.

"Ba ku da imani ne? Ɗari bisa ɗari yaron nan yake yi! So kuke ya faɗi ya mutu?"

Kafin mako ya zagayo aka sayo wa Injiniya babbar kwamfuta mai allo biyu, aka kuma yi masa alkawarin mataimaki, wanda zai riƙa buga 'yan takardun nan don kada su raba masa hankali. Allo na biyun ma ya ƙawata shi, ya yi kyau ƙwarai.

Mataki na 10: Je ka gaida kawunka

Ba makawa. Mahaifiyarka za ta kira, kamar yadda ta Injiniya ta kira: "Yaya sai sa maka albarka yake, kai kuma ko leƙa shi ba ka yi ba. Wace irin tarbiyya ce wannan?" Ka sayi lemo da ayaba, ka sa tsohuwar riga, ka tafi.

Injiniya ya tarar da Kawu a baranda kan kujerar roba, rediyo a gefe a kashe. Ya rame. Matar Kawu ta kawo ruwa ta ajiye, ta amsa gaisuwa a taƙaice ta koma ciki. Suka taɓa hirar ofis, Kawu ya tambayi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wani kantin magani na neman mai buga musu takardu, an ce ya je a gwada shi. Sannan ya laluba aljihu ya fito da wayarsa.

"Dama ina son ganin ka. Allurar nan, ana iya sa ta a waya?"

"Kawu, me za ka yi da ita?"

"In riƙa dubawa. Ka ga shekara da shekaru ina zaune a wurin can, ina komawa gida da ciwon baya, ina ce wa gwaggonka na gaji da aiki. Ashe huɗu nake yi." Ya juya wayar a hannunsa. "Abin nan ya hana ni sukuni, ɗana. Ba na son in je wurin mutane in sake cin albashinsu a banza ban sani ba. Sa mini."

Injiniya ya karɓi wayar.  Ya sauke wijet ɗin, ya rubuta AIKI a ƙarƙashi kamar yadda Kawu ya saba gani. Allurar ta kwanta a uku.

Nan ne ya yi kuskuren da nake roƙon ka da girman Allah kada ka yi. Ya kasa miƙa wa dattijon uku. Ya ɗan juya baya, ya buɗe kyamara, ya buɗe taswira, ya kunna bidiyo ya kashe sauti, ya tura su duka bayan fage. Allurar ta miƙe. Ya miƙa wayar yana murmushin da bai kai ciki ba.

Kawu ya sa tabarau. Fuskarsa ta haskaka kamar ta yaro. "Tamanin da biyar! Kai! Ke, zo ki gani, tamanin da..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi wayar. Ya dubi ɗayan hannunsa da ke kan gwiwa. A hankali ya ajiye wayar a kan ɗan teburin da ke gabansa, kusa da kofin ruwa, ya janye hannu, ya harɗe su biyun a ƙirji. Suka zuba mata ido. Allurar tana nan a tamanin da biyar, har tana ɗan ƙarawa.

"Ɗana," ya ce. "Ai zaune nake."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Kawu ya cire tabarau, ya dube shi da idonsa tsirara, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Taka ta ofis, ita ma haka take?"

Sanarwa

Wanda ya tsara waɗannan matakai ya yi alkawarin kujera, kuma kujera ta samu. Injiniya na kanta yanzu haka, da allo biyu. Bayan wannan, mai tsara matakan ba ruwansa. Ba ruwansa da kwamfutar da ta ƙone, ko kayan da suka kwana a mota, ko uwar da ta daina ɗaga waya, ko jaririn da aka haifa wani dattijo ya aiko da tawul da sabulu amma bai zo ba. Duk mai ƙorafi ya kai wa allurar, ita ta yanke hukunci. Amsar tambayar da aka yi a baranda kuwa ba ta cikin darasi, kada ka rubuto kana nema. Mu ado muke koyarwa. Kawunka ne, kai yake kallo.